Sandar Gudleik a Gefen Tukunya

Ni na fara gani. Kafin Aslaug da duk karatunta na asibiti, kafin Sjur da yake taƙama da shekara arba'in yana dafa giya, ni Ingebrigt na gidan gangare na ga abin da ke faruwa a tukunyar nan, ina zaune a kan kututture a bakin ƙofa, da ido ɗaya da rabi. Aji huɗu na yi a makaranta aka tura ni kiwon tumaki. Ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta binne ni yini guda, na fito da ƙafata. Jirgin kamun kifi ya kife da mu mu biyar, ni kaɗai na taka tudu. Likitocin Bergen sun yanke rabin cikina suka ce ba zan ga wata bazara ba, bana ta goma sha tara nake gani. Wanda ya wuce waɗannan, ruwa a tukunya bai isa ya ɓoye masa komai ba. To amma labarin na Aslaug ne, bari in ba ta wurinta.

Mahaifinta Gudleik ya rasu a tsakiyar hunturu. Ya bar mata gona, da ɗakin wuta inda ake dafa giya, da tukunyar tagulla mai cin lita ɗari biyu da hamsin, wadda tun zamanin kakan kakanta take zaune a kan murhu ɗaya. A danginsu tukunya ba ta bin takardar gado. Gidan da ake hura wuta a ƙarƙashinta, nan take zama. Ko sati ba a yi da jana'iza ba, Sjur, ƙanen marigayin, ya tuna wa Aslaug wannan.

"Ke ma'aikaciyar jinya ce, 'yar birni," ya ce. "Me za ki yi da ita? Fure za ki shuka a ciki?"

"Giyar tsakiyar bazara zan dafa, Baffa."

"Ke ɗin?"

"Ni ɗin. Maƙwabta su zo ɗanɗano kamar yadda aka saba. In sun ce ta yi, tukunya ta zauna. In ba ta yi ba, ka zo ka ɗauka, ni ma zan kama maka kunnenta ɗaya."

Sjur ya amince nan take, don a ganinsa magana ta ƙare.

Ranar dahuwa Asabar ce ta farkon Yuni. Da hantsi ya iso shi da matarsa Borgny, da tirela ɗaure a bayan mota. Wai mantawa ya yi bai kwance ta ba. Aslaug ta ga tirelar ta taga, kunnuwanta suka yi ja.

Tun da sassafe ta jiƙa niƙaƙƙen tsiron sha'ir kilo hamsin cif a bahon katako, da ruwan zafin da ta dafa da rassan einer, wani itacen daji mai ƙamshi. Ya yi awa uku a rufe da tsohon bargo. Yanzu ta zare toshiyar gindin bahon, ruwan tsiro yana tsiyayowa ta cikin rassan da ta shimfiɗa a ƙasa, tana tara a bokiti tana juyewa a tukunya. Na farko ya fito ja-ja, da kauri kamar zuma, har Borgny ta tara kofi ta shanye tana lumshe ido. Ƙamshin burodi da na daji ya cika ɗakin wuta. Aslaug ta ji shi har cikin ƙirjinta, ƙamshin ƙuruciyarta ne sak, kuma yau ita ce ta tashe shi da hannunta. Kai da kawo take yi da bokiti kamar ba ta jin nauyinsa, tana ta 'yar waƙa a maƙoshi.

Ƙa'idar ubanta guda ɗaya ce, kuma a jikin sanda take. Sandar awo ce ta itace da ta yi baƙi don tsufa, da tsaga shida a jikinta, kowace tsaga lita talatin. A tara ruwan tsiro har ya kai tsaga ta shida, a tafasa har ya sauka ta biyar. Ɗari da tamanin ya koma ɗari da hamsin. Gudleik bai taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani ba, shi ba mai yawan baki ba ne. Gani ta yi tun tana ƙarama.

Ta riga ta hura wuta a ƙarƙashi don ruwan ya fara ɗaukar zafi. Tururi yana dukan fuska, saboda haka daga inda take tsaye ta miƙa hannu ta tsoma sandar a gefe. Ta zaro. Tsaga ta biyar. Ta ƙara ruwan zafi a kan tsiron da ke baho, ta ci gaba da tara. Bokiti biyu, ta sake tsomawa, da saura. Ruwan da ke tsiyayowa ya tashi daga ja ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya koma kamar shayin da aka dafa sau uku. Amma ta ce wa kanta sandar Baba ba ta ƙarya.

Sjur ya sa yatsa a ƙarƙashin toshiyar ya lasa.

"Wannan ai ruwan wanke akushi ne."

"Sanda ba ta kai shida ba tukuna, Baffa."

"To, ke da sandarki." Ya koma duba kunnuwan tukunyar, yana gwada su da hannu, yana lissafin inda igiya za ta shiga.

Da ya bar kunnuwan ya dubi ciki, da shi ya riga ni. Akwai wani faci a cikin tukunyar ta wajen bango, wanda wani maƙeri ya ɗora tun kafin a haifi Aslaug. Shekara hamsin ina zama a kan kututturen nan duk ranar dahuwa, ban taɓa ganin ruwa ya taɓa facin nan ba. Ranar na duba, babu faci.

"Yarinya," na ce, "ajiye bokitin nan. Facin ya nutse."

Ta tsaya da bokiti a hannu. "Wane faci, Ingebrigt?"

"Wanda ubanki bai taɓa jiƙawa ba. Ruwanki ya yi yawa."

Ta sake tsoma sandar ta nuna min. Ruwa ya tsaya daidai tsaga ta shida, ko gashi bai wuce ba. Sjur ya yi dariya ya ce tsoho ya fara gani biyu-biyu. Amma Aslaug ta dubi ruwan, ta dubi bakin tukunyar da ya rage bai fi taƙin hannu guda ba, jikinta ya ba ta. Ta ruga cikin gida ta ɗauko ma'auninta.

Ma'aunin na gilashi ne, siriri, mai kama da na awon zafin jiki amma ya fi tsawo. In ruwa yana da zaƙi da kauri sai ya taso sama, in tsinkakke ne sai ya nutse. Gudleik yana kiransa abin wasan likitoci, amma sau ɗaya ya bar ta ta gwada masa dahuwarsa bayan an sauke daga wuta, ya nuna saba'in. Saba'in ɗin nan take nema. Ta ɗebo daga tukunya a doguwar kwalba ta saki ma'aunin, ya nutse, ya ƙara nutsewa, ya tsaya.

"Talatin," ta ce.

"Talatin da me?" in ji Borgny.

"Talatin kawai."

Ko ni da ban san lambobin gilashi ba, na san talatin ba ta kusa da saba'in. Sjur ya gyara tsayuwa, ya sa muryar tausayi.

"Ba laifinki ba ne, 'yata. Aikin nan sai an tashi a cikinsa. Ki bari in je kanti in samo miki sukari kilo goma, a zuba, a rufa asiri. Aƙalla a samu abin da za a ba mutane."

Aslaug ta san abin da sukari ke nufi. A kwarin nan, gidan da aka ji sukari a giyarsa, jikoki ma sai an yi musu gori da shi. Kuma mai kantin ba ta taɓa kwana da labari a cikinta ba. Amma ta san giya mai ruwa-ruwa ita ma gorin ce, har da rasa tukunya a kai. Ta riƙe kwalbar tana kallonta, sai ta ji tafin hannunta yana ƙuna, ta canja hannu. Nan take fuskarta ta sauya.

"Da zafi na auna," ta ce. "Ruwan zafi ya fi saki, dole ma'aunin ya nutse. Sai ya huce ake karantawa."

Ta fita da gudu zuwa rafin da ke bayan ɗakin wuta, ta kafa kwalbar tsakanin duwatsu biyu a ruwan ƙanƙarar da ke saukowa daga dutse. Ta tsuguna tana kaɗa ta, gwiwoyinta a jiƙe. Da ta ji gilashin ya yi sanyi a kumatunta, ta sake sakin ma'aunin. Ta dawo tana haki.

"Hamsin."

"Hamsin ma ai ba saba'in ba ce," in ji Sjur.

"Ba a tafasa ba tukuna, Baffa. Abin da ban sani ba shi ne yawan ruwan. Ingebrigt ya ce ya yi yawa, sanda ta ce daidai ne."

"Ina kike tsoma ta?" na tambaye ta.

"Nan."

"Ubanki a tsakiya yake tsomawa. Hannunsa kamar ƙotar shebur yake, ko sunkuyawa ba ya yi. Gindin tukunyar nan ƙwarya ne, yarinya, ba faranti ba. A gefe sandarki a kan gangare take tsayawa, ba ta kai ƙasa."

Aslaug ta dubi tsakiyar tukunyar. Ta jawo benci ta hau. Borgny ta riƙe ta ta ɗamarar baya da hannu biyu tana cewa, "In kika faɗa ciki, ni dai ba zan sha ba." Ta miƙe a kan tururi, ido a runtse, ta soka sandar a tsakiyar tukunya har ta ji ta taɓa ƙasa. Ta zaro. Jiƙar ta wuce tsaga ta shida. Ta gwada da yatsu tazarar da ke tsakanin ta biyar da ta shida, ta ɗora a sama, ta zo daidai da bakin jiƙar.

"Tsaga guda cur," ta ce. "Ɗari biyu da goma ke nan."

Ta duro daga benci, ta zaro gawayi daga bakin murhu, ta nufi ƙyauren ɗakin wuta. Tana rubutawa tana faɗi da ƙarfi. Ɗari biyu da goma sau hamsin, dubu goma da ɗari biyar. Wannan shi ne duk zaƙin da ke cikin tukunya, kuma wuta ba ta cinye shi, ruwa kawai take kora. Ta raba shi da saba'in. Ta tsaya, ta sake rabawa don kada son zuciya ya yi mata lissafi. Ɗari da hamsin.

Ta juyo, hannu baƙi ƙirin, ta share goshi ta bar zane a kai. Dariya take yi.

"Ba abin da ya ɓata. Giyar Baba tana ciki gaba ɗayanta, ruwa na tula mata. Lita talatin yake kora, ni sittin zan kora. Awa uku yake yi, ni shida zan yi."

"Da wane itacen?" in ji Sjur a hankali.

Dariyar ta ɗauke. Itacen da ta jera a jikin bango shi ne ƙarshen busasshen da Gudleik ya bari, kuma na awa uku ta ƙirga. Sauran ɗanye ne, saran bana, hayaƙi kawai zai yi. Sjur ya san haka, don tun shigowarsa ya auna tarin da ido.

Aslaug ta fito tsakar gida tana dube-dube, kamar itace zai tsiro mata. Idonta ya hau tudu, can saman gona, inda wani dutse ya yi rumfa. A ƙarƙashinsa ubanta ya jingine sandunan shanyar ciyawa, ɗaruruwa, tun shekara ashirin da aka daina shanya ciyawa a kan waya. Ya hana kowa taɓa su, wai ko yayin injin naɗe ciyawa zai wuce a dawo kansu. Sun bushe har suna ƙara in aka buga. Ta ɗan jima tana kallonsu. Sannan ta juyo.

"Baffa, ara min tirelarka."

"Tirelar ba don wannan—"

"Don me ka kawo ta?" in ji Borgny. "Ba ka ce mantawa ka yi ba?" Ta sa hannu a aljihun rigarsa ta zaro makulli, kamar yadda take yi shekara talatin da takwas.

Sawu uku suka yi, mata biyu. Aslaug ta ɗauko zarto ta hau yanka, tana yi tana rugawa duba wuta. Sjur ya tsaya da hannu a baya yana kallo. Ya jure sanda biyar, ta shida ya kasa.

"Haka ake riƙe zarto a asibitinku? Allah ya tsare ƙafafun mutane. Ba ni nan."

Ya karɓa ya cire jaket. Bai ce taimako yake yi ba, ita ma ba ta gode masa ba, don godiya za ta ɓata abin.

Wajen sha biyu saura tukunya ta tafasa, kuma nan aka ga tashin hankali. Cike take fiye da yadda ta saba, kumfa ya taso fari kamar zai haɗiye ɗakin, ya kawo baki. Aslaug ta janye itace biyu daga wuta da ƙafa, ta ɗauki ludayin katako tana ɗiba tana zubawa daga sama, tana ɗiba tana zubawa, har kumfan ya karye ya kwanta. Ko cokali bai zube ba. Daga nan ta mayar da itacen ta ƙara wasu. Sandunan nan kama wuta suke yi kamar takarda, harshensu yana lasar tukunyar ta ko'ina. Tururi ya fita ta ƙofa, ta taga, ta tsakanin allunan rufi, har daga jirgin fito aka hango ana tambaya ko gobara ce a gidan Gudleik.

Duk awa sai ta hau benci, Borgny ta riƙe ɗamara, sanda ta shiga tsakiya. Duk awa ta ja layi da gawayi a ƙyaure. Ɗari biyu. Ɗari da casa'in. Facin ya leƙo, ya fito fili, ya bushe. Borgny ta yanka busasshen naman tunkiya da burodin dankali, aka ci a tsaye. Ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ja, daga ja ya koma launin tsohuwar tagullar kanta, ƙamshin ma ya sauya, ya zama na zuma da aka ɗan ƙona. Aslaug ba ta zauna ba ko sau ɗaya. Gashin girarta ya babbake ta gefe guda, ba ta sani ba sai washegari.

Da ya rage awa ɗaya ta zuba furen humle mai sa giya ɗaci. Da ya rage sanda bakwai a tarin, ta aika kwalba rafi. Sittin da shida. Ta dubi sauran itacen, ta cusa su duka a lokaci guda, ta tsaya a kai har suka zama garwashi. Ta hau benci karo na ƙarshe. Ruwa ya tsaya a tsaga ta biyar, da ɗan kauri na farce a sama. Kwalba ta sake zuwa rafi, wannan karon har da Sjur a biye, wai zai wanke hannu.

"Nawa?" Borgny ta ƙwalla daga ƙofa.

"Sittin da tara," in ji Aslaug. Ta karkata kai ta sake duba. "Da ɗan ɗigo."

Sjur ya tsoma yatsu biyu a kwalbar, ya haɗa su, ya raba. Sai da suka yi ɗan ƙara kafin su rabu. Ya goge a wando.

Aka tace aka juye a babban baho, aka jira ya huce har ta tsoma gwiwar hannu ta ji kamar jikin mutum. Ta ɗauko kveik ɗin gidan, yistin da ya bushe a jikin zoben katako tun dahuwar ubanta ta ƙarshe, ta saki a ciki. A wurinmu ba a sa kveik shiru, sai an yi ihu a bakin baho don ya farka. Aslaug ta sunkuya ta saki wata ƙara da ta sa tumakina suka watse a can gangare.

Bayan kwana uku aka kira ɗanɗano. Gidaje tara suka zo da rana tsaka, aka jeru a benci a ɗakin wuta. Aslaug ta cika akushin katako, ta miƙa wa Sjur da farko, ta faɗi abin da kowane mai dahuwa yake faɗi.

"Ba ta yi ba bana. Ku yi haƙuri da ita."

Sjur ya shinshina. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa mai tsawo.

"Ta fi ta Gudleik duhu," ya ce.

Ba wanda ya motsa.

"Gudleik bai taɓa haƙurin awa shida ba." Ya miƙa akushin ga na kusa da shi, ya share gemu. "Da Kirsimeti zan kawo tsirona in dafa a tukunyarki, in kin yarda."

Aslaug ta sauke numfashi. "Ka zo da itacenka, Baffa."

Aka fashe da dariya, akushi ya zaga, ya sake zagawa, kafin yamma an fara waƙa.

Ni dai na faɗi yadda aka yi, kuma ni na fara gani. Wanda yake ganin ƙari na yi, ganga ɗaya ta rage a gidan. Ya zo ya same ni, in raka shi, ya sha akushi uku a tsaye, sannan mu gangara tare zuwa tashar jirgin fito, shi da ƙuruciyarsa, ni da shekara tamanin da huɗu da rabin ciki. Mu ga wanda zai fara neman dutsen zama.